A Turo Su Ajingi Su Koyi Hura Wuta

Na ji tsakin tun ban buɗe baki ba. E, zancen gem zan yi, wasan nan na waya da kwamfuta, kuma a cikinsa ma zancen hura wuta. Mai tsaki ya ja, in bai ishe shi ba ya ƙara. Malam na dakalin ƙofar masallaci, kai na fara hangowa, kuma na san abin da ke bakinka: ana fama da tsadar gero da taki, ga wani ƙato da furfura a gemu ya zauna yana lissafin wutar ƙarya. Na karɓi laifina. Amma kafin ka kaɗe buzu ka tashi, amsa min tambaya ɗaya tsakaninka da Allah. Yaushe rabonka da hura wuta da hannunka? Ban ce murɗa kan gas ba, ban ce miƙa wa yaro ashana ba. Wutar itace nake nufi, a murhu, a tsakiyar Agusta, ana marka an kwana uku ba a ga rana ba.

Ka yi shiru. To koma ka zauna, ashe ajinmu ɗaya.

A Gaya abin ya faro, a daminar bara, da na je gaida gida. Yaran da na tarar a zaure duk Free Fire da PUBG suke bugawa. Na tambayi ɗaya ma'anar Free Fire, ya ce wai wuta kyauta. Na ce tun da aka kafa garin nan ba a taɓa samun wuta kyauta ba, in yana musu ya je ya tambayi mai sayar da itace. Ɗan yayana ne kaɗai ya fita zakka. Shi Minecraft yake yi, wanda kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya fitar a 2011, zuwa 2023 kuma an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Irin wasannin nan ne na neman tsira da rai: a jefa ka a daji hannu rabbana, ka nemi abinci da mafaka da wuta kafin duhu ya rufe ka.

Ya ce, "Kawu, zo ka ga yadda nake haɗa wuta." Na matsa. Sanda uku, gungume uku, gawayi ɗaya, ya jera su a wani akwati, ya dangwala allo. Yana ajiye ta a ƙasa tana ci bal-bal. Ba ashana, ba ƙirare, ba hurawa. Tun 2019 da aka saka wutar nan a wasan haka take: ba ta cinye itacenta, ba ta neman a iza ta, ruwan sama yana zuba a kanta ko gezau. Ka ɗora yanka huɗu na nama, cikin daƙiƙa 30 ya gasu, ya yi tsalle da kansa ya faɗo, bai ƙone ba bai yi ɗanye ba. Gawayin kuwa, gungume ɗaya ka sa a tanderu ya ba ka gawayi ɗaya cif. A duniyar da muke ciki sai an binne kilo 5 zuwa 10 na itace a ƙarƙashin ƙasa ya yi kwanaki yana turnuƙewa kafin a kwashe kilo ɗaya. Da masu gawayi sun ji labarin nan da tuni sun koma cikin waya da zama.

Abin da ya fi ba ni dariya ya kuma ba ni haushi shi ne wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da dutse da ya nuna min a jakarsa ta gem, wai da shi ake kunna abubuwa. Na ce ai ƙyastu ke nan da ƙanƙara. Yaro ya dube ni ya ce, "Mene ne ƙyastu?" Abin da kakannin kakanninsa ke yawo da shi a 'yar jakar fata tare da audugar rimi, sai da ya zaga ta Suwidin ya dawo masa, kuma bai gane shi ba. Ashanar da yake ganin da ita aka halicci duniya, a 1827 wani mai haɗa magani a Ingila, John Walker, ya fara sayar da ita.

Kada in zalunci masu ƙera wasannin, akwai waɗanda suka ji kunya suka gyara. The Long Dark, na kamfanin Hinterland da ke Kanada, wanda ya fito a kammale a 2017, shi ne ya fi ɗaukar abin da gaske. Can sanyi ne abokin gaba, ga dusar ƙanƙara ga kyarkeci. Sai ka haɗa abin ƙyastawa da abin kamawa da makamashi, sannan a nuna maka kashi nawa cikin ɗari ake sa ran za ta kama. Tana iya ƙi, tsinken ashanarka ya tafi a banza. Iska in ta juyo tana kashe ta. Kwal ba ya shiga sai wutar ta yi rabin awa tana ci. Green Hell na mutanen Folan, na 2019, ya kai ka dajin Amazon ya sa ka murza tsinke tsakanin tafuka har ka sami ɗan garwashi. Valheim na 2021 ya ce in ka hura wuta a ɗaki ba mafitar hayaƙi, hayaƙin ya taru ya galabaitar da kai.

A gaishe su da ƙoƙari. Sai dai mutum da abin da ya tashi ya gani. Wanda ya girma a gidan da ake danna maɓalli wuta ta zo, gani yake duk wahalar wuta tana wurin ƙyastawa, shi ya sa nan suka tara basirarsu. A wurinmu kuwa ƙyastawar ita ce ƙaramar magana. Wannan ba a littafi na karanta shi ba, hawaye na zubar kafin in sani.

Kashegari na ɗauki yaron muka nufi wani ƙauye a ƙasar Ajingi, ta wajen Toranke, gaida Gwaggo. An kwana ana yayyafi, tsakar gida duk caɓi. Jikar da ke yi mata girki ta tafi awo, Gwaggo kuma ƙafa ta matsa mata. Ni da na kwana ina yi wa yaro wa'azin ƙyastu, sai bakina ya ja min. Na ce, "Gwaggo, ki zauna, yau ni zan hura." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To, ɗan birni, Allah ya ba da sa'a." Ta jawo kujerar tsugunno ta zauna inda za ta ga komai.

Na kwaso itacen da na gani jingine a jikin danga, manya-manya, na cusa su a murhu har ba masaka tsinke. Darbejiya ce da aka sassabe bai fi sati biyu ba, amma ina na sani? Kwalin ashanar ya sha danshi, tsinke na farko kansa ya murmushe, na biyu ya yi tartsatsi ya mutu, na biyar ya kama. Na kanga shi a jikin gungume kamar mai jiran a yi masa alfarma. Ya cinye har ya lashi yatsana. Na koma dabarar birni, na nemo leda na kunna, ta narke ta ɗiɗɗiga, ta yi baƙin hayaƙi mai wari, itacen ya yi baƙi a waje, ƙarshensa yana tsartar da kumfa yana kuka ƙasa-ƙasa. Na durƙusa na hura, toka ta dawo min ido. Na sake hurawa, hayaƙi ya shige min maƙogwaro. Minti ashirin ina abu ɗaya, hawaye da majina sun haɗu, ɗan yayana yana bayana yana ƙunshe dariya, waya a hannu. Tsinke uku suka rage a kwali.

Gwaggo ba ta ce uffan ba sai da ta ga zan taɓa sauran ukun. Ta ce, "Ajiye min ashanata, ba gadonka ba ce." Ta ƙwala wa wata yarinyar maƙwabta kira, ta miƙa mata fasasshen kasko ta ce ta ɗebo wuta. Ta sa ni na zare duk gungumen da na cusa. Ta nuna saman ɗakin girki da sanda, na miƙa hannu na zaro wani ɗaurin karan dawa da ƙiraren sabara da ta soke a can tun kaka, sun bushe ƙayau, hayaƙin wata tara ya rine su. Yarinya ta dawo da garwashi uku a kan toka. Gwaggo ta zuba su a tsakiya, ta ɓare karan ta ɗora ɓawonsa mai kaifi a kai, sannan tsinkayen sabara sirara, sannan masu ɗan kauri, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa da ƙofa a ƙasa. Ta sunkuya ta hura sau uku, a hankali, doguwar hurawa, a gindin garwashin ba a kan hayaƙin ba. A ta uku wuta ta ce fuu. Sai a lokacin ta saka faskaren marke guda uku, ɗaya ta kowace kafa ta murhu, bakinsu kawai ya haɗu a tsakiya. Ɗanyar darbejiyata kuma ta jera ta a gefen duwatsu, ta ce ta sha zafi, ta jibi ce.

Masu ilimin kimiyya suna da bayanin duk abin da ta yi, ita dai ba ta jira su ba. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya ci da kyau sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Kumfar da na gani ruwan ne ke tafasa, yana shanye zafin da ya kamata ya kunna itacen. Sai itace ya kai wajen digiri 300 yake sakin iskar da ke kamawa ta zama harshen wuta, shi ya sa tsinken ashana ba zai taɓa kunna gungume ba: siriri ke kunna mai ɗan kauri, shi kuma ya kunna babba. Ƙofar da ta bari a ƙasa hanyar iska ce, wadda ni na toshe da haɗama. Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba wannan ba ne. Wutar da ta kama a ranar nan ta Agusta tun watan Nuwamba aka fara hura ta, ranar da Gwaggo ta soke karan a rufi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To ga saƙona ga mutanen Suwidin da Kanada, in akwai mai kai musu. Ku daina cewa "itace" kawai kamar duk uwarsu ɗaya. Marke daban, yana ci a natse ya bar garwashi. Tsamiya ta fi shi taurin kai wajen kamawa, amma in ta kama, ka binne bakin gungumen a toka da dare, da asuba ka tone ka tarar da ja a ciki. Aduwa ba ta cika hayaƙi ba. Sabara da geza na tayar da wuta ne, ba na riƙe ta ba. Kuka kuwa, duk girman nan nata, cikinta kamar soso ne jiƙe da ruwa, wanda ya sare ta don girki ya kwana da yunwa. Ga kara, ga totuwar masara, ga ɓawon gyaɗa, ga busasshen kashin shanu da ke ci a hankali ba ya gaggawa. A bar ɗan wasa ya koyi wannan da kansa, ya sha wuya sau biyu, a na uku ya gane bishiya tun daga nesa.

Kuma wuta ba iri ɗaya ba ce, kowa da wadda yake nema. Almajiran tsangaya haske suke so don karatun dare, shi ya sa da yamma kowa ke komowa da ɗaurin kara. Kara yana tashi sama ya haske allo, amma nan da nan ya mutu, dole wani ya zauna yana izawa. Mai tsire ba ya ɗora nama a kan harshen wuta, kewaye tukuba yake yi da tsinkaye, yana juya su yana duban inda iska ta nufa. Mai tuƙa tuwo tana son wuta mai ƙarfi lokacin talge, in ta zo sulala sai ta zare itace biyu. Maƙeri kuma duk waɗannan wasan yara ne a wurinsa: gawayin ƙirya yake nema, a bi shi da zugazugi har ƙarfe ya yi ja ya koma fari-fari.

Tun da na ambaci maƙera, ku 'yan cikin badala da ke murmushi kuna cewa me ƙauye zai koya wa masu kwamfuta, ku tuna labarin da ku da kanku kuke bayarwa. Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama, su ne aka ce sun sauka a gindin Dala. Narkar da tama kuwa sai wutar da ta haura digiri 1,100, a tanderun yumɓu, ba lantarki ba gas. Wato tun kafin a gina ganuwa mu muka kai muku wuta, har yau ba ku dawo da kaskon ba.

Kaskon nan shi ne babban abin da wasannin suka rasa. A duk waɗanda yaron ya nuna min, mutum shi kaɗai yake fama, ko ya ƙyasta ko ya mutu. Mu kuwa har karin magana muka yi da abin, in baƙo ya ƙi zama a ce kamar wanda ya zo ɗiban wuta. A saka wannan a gem a gani. Ashanarka ta jiƙe, hadari ya haɗo daga gabas, gidan da hayaƙi ke tashi kuma na mutumin da ka hana aron gatari ne shekaranjiya. Za ka je ko ba za ka ba? In ka je ya ba ka, ga tafiya da garwashi a kasko cikin yayyafi, ka rufe da yawa ya mutu, ka buɗe iska ta watsa maka shi a danga. Wannan ya fi harbin aljanu ɗari tayar da hankali.

Hajiya, na ga kin tsuke fuska tun ɗazu, kuma ke ce kaɗai nake jin nauyi a taron nan. Cewa kike wahalar da ta cinye miki ido shekara talatin ita za a mayar abin wasa, maza su zauna a inuwa suna dangwala ta da yatsa. Ba ni da amsar da za ta wanke ni sarai. Abin da zan ce kawai, in za a saka gaskiyar, a saka ta duka. Murhun duwatsu uku, abin da ke isa tukunya daga zafinsa bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, saura iska ke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 3.2 ne hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwarsu a faɗin duniya, kuma mata da ƙananan yara su ne ke zaune kusa da murhu. Kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki da hunturu a rufe ƙofa da taga yana sakin iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, mutum ya kwanta da ciwon kai ya ƙi tashi. A gem ka sare bishiya ka dasa tsiro, kafin ka sha ruwa ta girma. A tsakanin Gaya da Ajingi kuwa tambayi duk wata tsohuwa inda take samun marke tana yarinya da inda ake zuwa nemansa yanzu. Tun da kananzir ya zama na masu hali, gas kuma ya bi sahu, gidajen birni da yawa sun koma gawayi, gawayin nan kuwa daga dajin wani ya fito. In yaro ya ga ɗan wasansa yana tari saboda ya yi girki a rufaffen ɗaki, ko ya ga tafiyar neman itace tana ƙara nisa duk shekara, wataƙila ya dubi mahaifiyarsa da wani ido. Na ce wataƙila, Hajiya, ban rantse ba.

Saura ku, 'yan gem, da kuka fi kowa ƙarar tsaki. Kun ce wa zai sayi data ya zauna minti ashirin yana hura hayaƙi? Nan kam kun kama ni. Ni da na yi na gasken ban ji daɗinsa ba, balle a sayar min da shi. Ba tsawon wahalar nake so a kwaikwaya ba, lissafinta nake so. Hurawa ta ɗauki daƙiƙa goma, ba laifi, amma ya zama abin da ka yi ko ka ƙi yi tun da rani shi zai sa ta kama ko ta ƙi. Busasshen karan da ya rage ɗauri ɗaya ne: ka dafa tuwon dare da shi, ko ka ajiye na tayar da wutar gobe? Ka bar gungume yana ci a toka ka yi asarar itace, ko ka kashe ka dogara da tsinken ashana biyu? Da hunturu kuma lissafin ya juye, komai ya bushe, kunnawa ba wuya, riƙewa ce aiki. Far Cry 2 tun 2008 ya nuna ana iya sa iska ta kwashi wuta ta bi busasshiyar ciyawa da ita. A ƙara masa abu ɗaya kawai: wutar da ka kunna don korar gafiya ta cinye harawar wani, gobe kana gaban dagaci.

Wanda kuma a cikinku yake ganin ya ƙware saboda ya kai mataki na hamsin, motar Ajingi ba ta da tsada. A zo da damina. Gwaggo tana da sauran darbejiyar nan.

Bayan an sauke tuwo ɗan yayana ya ga dama ta samu, ya matsa kusa da ita da wayarsa, wai zai nuna mata wutar da ba ta wahalar da kowa. Ta karɓa ta nesanta da ido, ta ƙura wa allon. Ruwa na zuba a cikin gem ɗin, wuta na ci a fili, hayaƙi na tashi tsaye. Ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta ce a samo mata irinta.

Ta ce, "Me aka ɗora a kai?"

Ya ce, "Ba komai, Gwaggo."

"Tun yaushe take ci?"

"Tun jiya."

Ta miƙa masa wayar da sauri kamar ta ƙona ta. "Maza kashe ta, ɗan nan. Itacen wa kuke ɓarnatarwa haka?"